Ranar da Bijimi Ya Koma Sauro

"...lafiya ƙalau, Ango. Kai ne dai na ga ka ƙara yamushewa tun ranar Asabar."

"Yamushewar da ta hana ki kallon samari. Shigo, Amarya, amma ki bi a hankali da kayan nan, ya girmi uwarki."

Ni ce uwar da ake maganar, ina gefe a kan keken ɗinki ina kafa aljihun wando. Kuma gaskiya ya faɗa, garmahon, akwatin da yake jin faifai da shi, ya girme ni da shekara biyu. 'Yata ce ta shigo da shi rungume a ƙirji, naɗe cikin tsohon zanin gado, tana haki saboda matakalar bene. Baba, mahaifina, ya zabura daga kujerarsa har sandarsa ta faɗi, abin da ban ga ya yi wa wani baƙo ba tun da gwiwarsa ta fara ciwo. Shi da jikar nan tasa ba sa raga wa juna ko na minti ɗaya. Ni kuwa ba ni da bakin shiga, nawa in taka keke in saurara.

Baba gyaran rediyo ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Mutum ne mai natsuwa da ba ya ɗaga murya, amma Allah ya jarabce shi da son wasu makaɗan ƙasar waje masu kiɗan rok su huɗu, masu gashi har kafaɗa, waɗanda ba mai iya faɗin sunansu a gidanmu. Marigayiya Inna ce ta raɗa musu Tsawa Huɗu, sunan kuma ya bi su. Faifansu biyar ne, duk yana da su, kuma da hoton bango yake kiran kowanne: Mai Tsani, Mai Jan Kare, Mai Gada, Mai Lema da Mai Agogo. Mawaƙin nasu kuwa Bijimi yake ce masa, saboda muryarsa mai kauri, wadda idan ta fito sai kofunan shayi su kama rawa a kan tebur.

Tun rasuwar Inna, shekara uku ke nan, abin da ya rage wa Baba a yini shi ne sa'a gudan nan ta bayan la'asar da yake ɗora Mai Gada ya rufe ido. Kwana tara da garmahon ya daina juyawa, kwana tara bai ci abincin kirki ba, har na fara tsorata. Hannunsa rawa yake yi yanzu, ba ya iya riƙe sukurdireba, shi ya sa ya haƙura ya aiki jikarsa wurin mai gyara. Sharaɗinsa ɗaya ne, ya kuma maimaita shi sau biyar: a canja makunnin da ya lalace, kada a taɓa komai bayan shi.

"Ina fatan ba ki bari ya sa hannu a cikinsa ba," in ji Baba, yana kwance zanin kamar mai duba jariri.

"Ya sa hannu, ya sa ƙafa, har kansa ya cusa. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin aikin ɗan koyo irin na cikin akwatin nan ba. Na ce masa mijina ne ya yi, ya ce Allah ya ba ni haƙuri."

"Ɗan koyo? Lokacin da nake kwance rediyo uban mai gyaran nan rarrafe yake yi."

"Shi ma ya ce ya ga alama. Ya ce aikin zamanin rarrafe ne."

"Bakinki ya fi ki tsawo. Da na san haka za ki zama da na karɓi akuya a madadinki ranar da aka haife ki."

"Akuyar da za ta cinye maka bangon faifai? Ni ce dai rufin asirinka, tsoho."

Ta ajiye garmahon a kan teburinsa, inda ƙafafunsa huɗu suka bar tabo a jikin katako, ta jona wuta. Sannan ta durƙusa gaban kwalin faifan, da gangan ta zaro Mai Lema ta ɗaga sama. Ta san abin da take yi. A gidanmu ambaton Mai Lema daidai yake da taka wa Baba ƙafar da ke ciwo.

Nan ya buɗe karatun da na haddace tun ina firamare. Mai Tsani, in ji shi, aikin yara ne, akwai zafi babu hankali, amma a yafe musu don yunwa ce ke kaɗa jitar. Mai Jan Kare waƙa biyu ce kawai a ciki, sauran duk ciko ne irin wanda nake yi wa matashin kai da ƙyallaye. Mai Agogo kuwa sun riga sun yi arziki sun yi teɓa, kana jin ƙiba a cikin kiɗan. Amma duk waɗannan 'ya'yan halak ne. Mai Lema shi ne cin amana, don mai gangarsu ya yi kiɗan kamar wanda aka tasa daga barci aka ɗora masa buhu. Baba ya yi imani cewa ko dai mutumin ba shi da lafiya a shekarar, ko kuma matarsa ta gudu.

"To me ya sa ba ka jefar da shi ba?"

"Mutum yana jefar da ɗansa don ya fito rago? Ajiye shi. Ɗauko Mai Gada, ki goge shi da gefen mayafinki, ba da wannan hannun naki mai maiƙo ba."

"Mai Gada, wanda ake kuka saboda mota ta ƙi tashi?"

"Wace mota? Waƙa ta uku labarin wani ne da ya goya uwarsa ya tsallake gada ana ambaliya."

"Ango, na karanta bayan bangon da idona. Mutumin cewa yake motarsa ta ƙi tashi, budurwarsa tana jira, batir ya mutu. Sau shida ya ambaci batir."

"Motar misali ce."

"Batir ɗin fa?"

"Shi ne uwar."

Na yi dariya har allura ta kauce daga layi. Baba ya harare ni, na sunkuyar da kai na ci gaba da aljihuna. Bai iya yaren da suke waƙar ba in ban da kalmomin da ya tsinta a jikin rediyo, amma wannan bai taɓa hana shi fassara ba. Kowace waƙa yana da labarinta, kuma a kowane labari sai an goya wani ko an yafe wa wani.

Yarinyar ba ta bar shi ya huta ba. Tana goge faifan ta ce ta ga fim ɗinsu na biyu a waya, wanda aka sace musu ganga suka bi ɓarawon a jirgin ruwa, kuma ya burge ta. Baba ya ce kada ta ƙara kiran wannan abu fim a ɗakinsa. Na farkon ma, in ji shi, ya ɗauki Inna musamman suka je silima, ta sa sabon zaninta, amma ko rubu'in sa'a ba su yi ba ya kamo hannunta suka fito. Ga dai Bijimi a majigi, gashinsa da gemunsa da komai, amma da ya buɗe baki sai aka ji wata 'yar siririyar murya kamar ta sauro. Masu fim ɗin sun cire muryar mutum sun ɗora ta wani ɗan tsurut. Har wasiƙa ya rubuta wa kamfanin, shafi uku, ya ce su ji tsoron Allah.

"Sun ba ka amsa?"

"Mai laifi yana amsa? Shirun da suka yi shi ne shaida."

"Na biyun fa, ai an ce ka kalla har ƙarshe."

"Da auduga a kunne. Hoton dai ya yi kyau. Jirgin ruwan ya fi su iya wasa."

"Ni a wayata ma muryar siririya ce."

"Wayarki gwangwani ce. Ko zaki kika sa a ciki, kyanwa zai fito. Sa faifan, ki ji yadda maza suke waƙa."

Ta ɗora faifan, ta murɗa sabon makunnin, ya fara juyawa. Baba ya gyara zama, ya jingina kai, ya rufe ido, hannayensa a kan ciki. Na tsayar da keke, don ni ma na yi kewar abin, ko da yake ban taɓa faɗa ba. Allura ta sauka, jita ta shigo, na ji kamar ta ɗan yi sauri, amma na ce ko kunnena ne. Sai mawaƙin ya buɗe baki, sauron nan na silima ya cika mana ɗaki. Ko kofi ɗaya bai motsa ba.

Baba ya buɗe ido ɗaya, sannan ya buɗe ɗayan.

"Wane ne wannan?"

"Bijiminka."

"Kin musanya mini faifai."

"Ga tabon shayin da ka zubar a kansa tun kafin a haife ni. Naka ne."

Sai ta faɗi sauran labarin, kuma na lura a tsaye take ba ta zauna ba. Mai gyaran da ya buɗe akwatin ya tarar babu bel a ciki. Abin da ke juya faifan wata roba ce da aka yanko daga cikin tayar keke, ta saki, tana santsi, tana jan faifan a hankali fiye da yadda aka yi shi ya juya. Ya yi dariya har ya kira maƙwabcin shagonsa ya gani. Sannan ya cire ta ya sa bel na gaskiya, ya ce kyauta ce ga tsohon abokin sana'a. Ita kuma ta ɗauka alheri ne, ba ta tsaya an gwada da faifai ba.

Nan take na tuna labarin da Inna ta sha ba ni. Na hannu Baba ya sayi garmahon nan, babu bel, kafin ya mallaki faifai ko ɗaya, ya yanko robar tayar kekensa ya ɗaura. Ke nan tun daga ranar farko bai taɓa jin Tsawa Huɗu yadda suke ba. Shekara arba'in da 'yan kai, Bijimin da muka tashi da shi a cikin gidan nan robar keke ce ta haife shi. Masu fim ba su cuci kowa ba.

"Kashe," in ji Baba.

Ta kashe. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ƙarar injin walda daga ƙasan titi. Baba ya kalli hannayensa a kan gwiwa. Bai zage ta ba, kuma rashin zagin nan ne ya sa jikina ya yi sanyi, don tun tana goye ban taɓa ganin ta faɗi magana ya bar ta ta faɗi ƙasa ba. Can ya ce, ba da ita yake ba, ba kuma da ni ba, wai da waccan muryar Inna take guga. Takan ce mutumin nan ko me yake faɗa, da gaske yake. Ita waccan muryar ta sani, wannan ba ta san shi ba.

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na san idan ya rufe akwatin nan yau ba zai sake buɗe shi ba, kuma ban san me zai riƙa jira a yini ba bayan haka. Na kalli 'yata. Ita ma a tsorace take, don na ga tana murza gefen mayafi. Amma ta san kakanta fiye da yadda na san ubana. Idan ta ba shi haƙuri ta tausaya masa, ta gama da shi ke nan.

"Ina robar?" ya tambaya.

"Sai ka biya."

"Me zan biya, ɓarauniya?"

Kalmar ɓarauniyar nan ta yi mini daɗi kamar ruwan sanyi.

"Waƙa ɗaya daga Mai Lema. Ka saurara har ƙarshe, babu tsaki, babu auduga."

"Gara ki sa mini kukan jaki."

"Ai shi ka yi shekara arba'in kana ji, kana ce masa Bijimi."

Ya juya fuska ga bango, ya ce ta yi abin da ta ga dama, ɗakin ai ya zama na ubanta. Ta zaro Mai Lema daga bangonsa, sabo fil kamar jiya aka saya, don bai fi sau uku da ganin allura ba. Ta ɗora. Gangar ta shigo da gudu, ba buhu ba barci, ta ɗauki jita ta wuce da ita, siririyar muryar nan kuma ta hau kai ta zauna daram kamar don ita aka yi wurin. Ban san lokacin da ƙafata ta koma kan keke ba, na dai ga ina ɗinki daidai da kiɗan. Baba yana nan fuska a bango, ya ɗaure ta tamau. Amma babban yatsan ƙafarsa na dama ya fita daga umarninsa, yana ɗagawa yana sauka a kan silifa.

"Ango, ƙafarka."

"Sanyin ƙashi ne."

"Sanyin ƙashi mai bin ganga?"

"Haka yake zuwa mini da yamma."

"Ga kafaɗar ma ta kamu. In kira likita ko in ƙara murya?"

Ya ce, "Ƙara kaɗan. Don in ji inda suka yi kuskure."

Ta ƙara. Waƙar ta ƙare, ta biyu ta shiga, ba wanda ya ce a kashe. A tsakiyar ta uku mai gangar ya yi wani irin juyi da ya sa Baba ya buga sandarsa a ƙasa bai sani ba. Daga nan kafaɗunsa suka fara girgiza, na ɗauka kuka ne har na yunƙura, ashe dariya ce. Ya yi ta har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa.

"Bawan Allahn nan lafiyarsa ƙalau," ya ce yana share ido. "Shekara arba'in ina yi masa addu'ar samun sauƙi. Na kashe masa aure a banza."

"Wasiƙar fa? Shafi uku."

"Kada ki tuna mini. Har da jan biro na ja layi a ƙarƙashin 'ku ji tsoron Allah'. Kuma na fitar da kakarki daga silima da sabon zaninta, ba ta ga ƙarshen fim ba."

"To ka yarda na fi ka kunne?"

"Na yarda kin fi ni mai gyara. Kawo robata."

Ta buɗe jakarta ta ciro wani abu a naɗe cikin hankici. Ta ce a kwandon shara mai gyaran ya jefa ta, har ta kai ƙofa ta dawo ta tsince ta, saboda abin da ta gani a jiki. Ta shimfiɗa ta a tafin hannun Baba. Baƙar roba ce, ta tsufa ta yi fari-fari, an haɗa bakinta biyu ta zama zobe. Ba da gam aka haɗa ba. Ɗinki ne da jan zare, ƙanana ƙanana a jere, an ƙulle ƙarshen sau biyu an mayar da bakin zaren ciki. Ban buƙaci a gaya mini ba, don da wannan ƙullin aka koya mini riƙe allura. Hannun Inna ne.

Baba ya daɗe yana shafa zaren da babban yatsa. Ya ce shi ya yanko, ya ɗaura, ta yi ta kwancewa, Inna ta karɓa ta ce kawo nan, injiniyan banza. Ya manta sam. Ni na koma kan aljihun wandona, na yi kamar zare ne ya shige mini ido.

"Yanzu wanne za a bari a ciki?" in ji yarinyar. "Na gaskiya ko na ƙarya?"

"Mai Lema da bel ɗin mai gyara. Mai Gada da robar kakarki."

"Ka san dai ƙarya ce."

"Na sani. Amma ita ta ɗinka ta."

"Wa zai riƙa canja maka su? Hannun nan naka ko cokali sai ya yi shawara da shi."

Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko sukurdirebansa mai ƙotar katako, wanda ni da na fito daga cikinsa ban taɓa samun izinin taɓawa ba. Ya miƙa mata ta wajen ƙotar.

"Ungo. Noti huɗu ne a ƙasa, na hagu yana da gardama irin taki. Kullum bayan la'asar. In kika makara na sake ki."

"Kullum? Ina da wurin aiki, tsoho. Asabar da Laraba."

"Da Litinin."

"Da Litinin, in za ka kalli fim ɗin jirgin ruwa ba auduga."

"Allah ya isa tsakanina da mai gyaran nan. Na yarda."

Ta kifa garmahon a kan cinyarta, Baba yana tsaye a kanta yana ba da umarnin da ba ta bi, har ta cire bel ɗin ta mayar da robar. Ta ɗora Mai Gada, ta sa allura a kan waƙa ta uku. Jitar ta shigo a hankali yadda muka saba, sannan Bijimi ya buɗe baki, yana kukan batir ɗinsa daga can ƙasan ciki, kofunan shayi suka kama rawa. Baba ya jingina ya rufe ido.

"Kin ji ko?" ya ce. "Yanzu ya goya ta. Sun kusa tsakiyar gadar."

'Yata ta buɗe baki, na ga batir ɗin a kan harshenta. Sai ta kalli sukurdireban da ke hannunta, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Allah ya tsallakar da su lafiya," in ji ta.

Da waƙar ta ƙare Baba ya tambaye ni ko akwai sauran abincin rana.